Zaman Iyali: Kafin A Kira Magini

Kaka ta yi, magidanta da yawa suna shirin gyaran gida. Amma na lura zaure da falo ake fara yi wa siminti, madafa kuwa a bar ta a ƙuntace, ba taga, bango baƙi ƙirin. A nan uwargida take wuni da goyo, su biyu suna shaƙar hayaƙi. Tarin yaro da jan idon uwa, sau da yawa daga nan ne.

Ɗan'uwa, kafin ka kira magini, kira matarka. Ku zana sabuwar madafar a ƙasa da toka, ta tsaya a ciki ta nuna inda murhu zai zauna, da randa, da itace. In ta ga wurin bai ishe ta tuƙin tuwo ba, a share a ƙara faɗi. Toka ba ta cin kuɗi, rushe bango kuwa yana ci.

Kada ƙofa ta dubi gabas, gama daga can hadari yakan taso. A yi tagogi biyu masu duban juna, a bar kafa bisa murhu domin hayaƙi. Sa'an nan ku zauna tare ku lissafta kuɗin tubali da kwano, bisa ga koyarwar Luka 14:28, a kuma rufe ɗakin tun damina ba ta faɗi ba.