Cacar da ke cikin aljihun ƙannenmu



A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta bi shagunan caca tana rufewa, jama'a suka yi ta sam barka. Amma akwai wata cacar da ba ta da ƙofar da za a garƙame, domin tana cikin wayar da aka saya wa yaro a Farm Centre.

Duk wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi da yamma, ko lungunan Tarauni bayan isha'i, zai ga samari a bakin shagon caji, kowa ya duƙufa kan Free Fire ko PUBG Mobile ko eFootball. Sauke wasan kyauta ne, tatsar tana ciki. Kowane wasa da irin kuɗinsa: Free Fire na da daimon, PUBG na da UC, eFootball na da sulallansa. Da zarar naira ta koma daimon, yaro ya daina lissafi da naira, sai ya ga kamar ba kuɗi yake kashewa ba.

Mu yi adalci. Yawancin abin da ake saya a PUBG ado ne, riga da fentin bindiga, ba sa ƙara wa kowa iya harbi. Wanda ya sayi kwalliya da guminsa, ba mu da ta cewa. Inda muke da magana shi ne irin tsarin eFootball, inda za ka biya a juya maka, ko ka dace da gwarzon ɗan wasa ko ka tashi da tarkace. In ba ka dace ba sai ka ƙara. Mai kuɗi ya tara zaratan 'yan wasa, ɗan talaka da ya kwana yana koyon yanka ya shiga fili da rabin ƙarfi. Ka biya, ba ka san abin da za ka samu ba, kana fatan sa'a. Wane suna malamanmu suke ba wannan?

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a caca ne. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 245 domin a mayar wa waɗanda hukumomin Amurka suka ce an yaudara sun yi sayayyar da ba su yi niyya ba.

Mu marubuta mun san wannan ƙugiyar. Mu ne muke sakin shafukan kyauta a WhatsApp, sai amarya ta kama ƙofa mu ce mai son ci gaba ya biya. Bambancin dai wanda ya biya mu ya san littafi zai samu, har ƙarshensa.

Littattafanmu cike suke da kishiya da shaye-shaye. Ina yaron da ya zari kuɗin adashen mahaifiyarsa saboda daimon? Ina yayan da aka ba kuɗin rajistar jarrabawa ya juya su a waya? Wanda zai rubuta su ya fara zama a bakin shagon caji ya ji yadda suke magana, domin tun a shafin farko yaran za su gane marubucin da bai taɓa riƙe wasan ba.