Rumbun Da Ba A Leƙawa, Gara Ake Tara Wa

 

Ranar 1 ga Oktoba 2020, kasuwar hannayen jari ta Tokiyo a Japan ta wuni a rufe, ba a sayi hannun jari ko ɗaya ba. Tun da kasuwar ta koma aiki da kwamfuta kacokan a 1999, ba a taɓa yin irin wannan wuni ba. Ba ɓarayin intanet ne suka kawo hari ba. Wani ɗan ɓangare ne ya lalace a cikin na'urar adana bayanai ta kamfanin Fujitsu. Akwai na'ura ta biyu da aka tanada don ta karɓi aikin nan take, amma ba ta karɓa ba, saboda saitin da ke kanta bai yi abin da ake zato ba. Ƙarshen watan Nuwamba shugaban kasuwar, Koichiro Miyahara, ya ajiye muƙaminsa.

Ra'ayina shi ne, duk ma'aikatar da ta kashe miliyoyi ta sayi rumbun adana bayanai amma ba ta ware mutum da manhajar da za su riƙa duba lafiyarsa kullum ba, asara ta saya. Manomin kirki ba ya rufe rumbu ya tafi sai bazara. Yana leƙawa, yana ɗibar hatsi a tafin hannu yana dubawa, don ya san gara ba ta sanarwa kafin ta shiga.

Me ake dubawa? Abu huɗu ne manya. Na ɗaya, yawan karatu da rubutun da rumbun ke iya yi a daƙiƙa guda, wanda masana ke kira IOPS. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yakan yi wajen ɗari ne kawai, shi kuwa SSD yana yin dubbai. Na biyu, jinkiri, wato tsawon lokacin da buƙata ɗaya ke ɗauka kafin a amsa ta. Na uku, yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa. Na huɗu, sararin da ya rage. Manhajoji irin su Zabbix da Nagios da Prometheus suna tambayar na'urorin lokaci-lokaci, su ajiye amsoshin, su zana su a allo, su aika gargaɗi idan wani adadi ya ƙetare iyaka.

A wajena jinkiri shi ne abin da ya fi cancantar a zuba wa ido, domin shi ne mai jiran layi yake ji a jikinsa. Rumbu kan iya samun sarari fal, fitilunsa duka kore, amma yana jan ƙafa. Idan ma'aikacin banki ya ce maka sabis ba ya tafiya, ba kullum ne laifin intanet ba, wani lokaci buƙatu ne suka yi wa faifai cunkoso. Kuma ba za ka gane cunkoso ba sai ka san yadda rumbun yake a ranar da yake lafiya. Shi ya sa ajiye tarihin awo yake da muhimmanci kamar awon kansa.

Na san wani zai ce ai na'ura idan za ta mutu mutuwa take yi, dubawa ba ya hanawa. Akwai gaskiya a nan. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike a kan faifai sama da 100,000, suka gano kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka lalace ba su nuna wata alama ba a tsarin SMART, wato tsarin da faifai ke ba da rahoton lafiyarsa. Sai dai binciken nan dai ya nuna faifan da ya fara nuna kuskure a fuskarsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Ke nan gargaɗi ba ya kama komai, amma wanda ya kama ba abin wasa ba ne. Waɗanda ke mutuwa ba sallama kuwa, maganinsu madadin da aka jarraba, abin da ya ci Tokiyo ke nan.

Akwai kuma babbar matsalar da ta fi rashin manhaja, wato gargaɗin da ba ya isa kunnen kowa. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge kusan gigabayit 300 na bayanai bisa kuskure. Da aka je ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar aikin yin kwafin ya daɗe yana faɗuwa, saƙonnin imel ɗin da ke ba da labarin faɗuwar kuma ba sa isowa. Bayanan kusan awa shida suka salwanta, dawo da sauran ya ci wajen awa 18 saboda faifan da aka kwafo daga kansu ba su da sauri. Ka ga har saurin rumbun ajiya abin awo ne tun kafin ranar buƙata.

Don haka shawarata ga duk mai riƙe da bayanan jama'a, asibiti ne ko makaranta ko banki, guda uku ce. Kowane gargaɗi ya zama da mai shi, mutum da sunansa, ba akwatin imel ɗin da kowa ke zaton wani ya duba ba. A rage gargaɗin banza, domin ƙararrawar da ke kaɗawa sau ɗari a wuni, ranar da wuta ta tashi ba mai waiwayarta. Sannan a ware rana a kashe na'ura ta ɗaya da gangan, a ga ko ta biyu za ta karɓa, a kuma dawo da kwafin ajiya a ƙirga awowin da ya ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake ganin kuɗin wannan aiki ya yi yawa, ya lissafa abin da wuni ɗaya a rufe zai ci masa, sai ya zo mu tattauna.

Allah Ya sa mu dace.