Farfaɗiya Ba Ta Warkewa A Shafi Ɗaya



A yawancin labaranmu, da zarar yarinya ta faɗi tana kumfar baki, sai a ce kishiya ce ta yi mata sammu. A babi na gaba a yi turare, ta miƙe garau. Ina ganin wannan salon yana cutar da masu karatunmu, musamman mu na bakin ruwa. Masunci daga Wara ko Shanga da farfaɗiya ta kama shi cikin kwalekwale a tsakiyar tafkin Kainji, ba turare yake jira ba. Kafin a ankara ruwa ya ci shi.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da ɗan lantarki, idan ya rikice sai mutum ya faɗi. Ana iya auna lantarkin nan. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara yin haka a jikin ɗan Adam a 1924. Awon da likitoci ke kira EEG ke nan: a manna ƙananan ƙarafa wajen ashirin a fatar kai, na'ura ta riƙa zana layuka na kimanin rabin awa. Ba allura, ba jan wuta.

Abin da ya kamata marubuci ya riƙe shi ne, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Mai farfaɗiya yana iya yin awo ya fito lafiya lau, domin rikicin ba kullum yake bayyana ba. Shi ya sa ake maimaitawa, wani lokaci cikin barci. Idan mutum ya yi kamar shekara biyu bai faɗi ba, likita yakan sake duba shi, har da awon, kafin a yi maganar rage magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa idan aka gano shi aka ba su maganin da ya dace.

Wani zai ce awon sai manyan asibitoci irin na Koyarwa na Aminu Kano, ina talakan Yelwa zai kai? Gaskiya ne, kuma nan labarin yake: kuɗin mota, uwar da ke rubuta ranakun faɗuwa a littafin makaranta don ta nuna wa likita, uban da ya hana ɗansa fita su shi kaɗai, maƙwabtan da ke gudun yawunsa alhali ciwon ba a ɗaukarsa.

Addu'a tana nan a wurinta. Amma mu bar jarumarmu ta je asibiti, ta koma, ta sake komawa. Wata uwa a Ngaski na iya karantawa ta kai ɗanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.