Rim mai waya a tsohuwar mota: a san abin da ake saya



Tun da matasanmu suka fara fito da tsofaffin motocin iyayensu suna gyarawa don rakiyar ango da yawon Sallah, muke murna. Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna, da Bitil, da tsohuwar Marsandi, duk sun fi kyau a kan titi da a bar su kaji na ƙwai a ciki. Amma akwai wani ado da ya shigo wanda muke ganin sai an yi magana a kansa, wato rim mai waya, irin wanda ke kama da na babur.

Kwanan baya ɗan wani mambanmu ya sayo guda huɗu daga wajen wani dillali, aka ce masa na asali ne daga Ingila. Ya ɗaura wa 504 ɗin mahaifinsa. A hanyar Jos sitiyari ya fara rawa, Allah ya sa ya tsaya. Da bakanike ya kwance, sai aka ga an faɗaɗa ramukan noti da injin huda don su shiga dole, biyu har sun fara tsagewa. Mutum biyar ne a motar.

Abin da muke so a gane shi ne, abubuwa uku ake kira rim mai waya a kasuwa. Na farko murfi ne kawai, ana manna shi a kan rim na ƙarfe. Wannan ado ne, ba ya ɗaukar nauyi, kuma ba mu da ja da shi in dai an sayar da shi a kuɗin murfi. Na biyu mai waya ne na gaske amma ana ɗaure shi da noti kamar kowane rim. Na uku shi ne na asalin motoci irin su MG da Jaguar da Triumph: ba shi da ramukan noti sam, rami ɗaya ne a tsakiya mai ƙananan haƙora, da babban noti guda da ake bugawa da guduma. Kamfanin Rudge-Whitworth na Ingila ne ya fito da wannan tsari tun farkon ƙarni na 20. Notin dama da na hagu ba su juyawa hanya ɗaya, an yi haka ne don tafiyar mota ta riƙa ƙara ɗaure su. Wanda ya musanya su, taya na iya fita tana gudu.

To 504 ba da irin wannan ta zo ba. Ramukanta huɗu ne a da'ira mai faɗin milimita 140, awon da motoci kaɗan ne ke da shi. Marsandi ramuka biyar ne a 112. Bitil ta fari biyar ne a 205, ta baya huɗu a 130. Duk wanda ya ce maka rim ɗaya zai hau dukkansu, ko dai akwai faranti da za a sa tsakani, ko kuma huda za a yi. Huda kam ba ma goyon baya ko kaɗan.

Masu ƙera na gaske suna barin shaida. Borrani na Italiya, wanda ya fara a 1922, yana buga lamba mai farawa da RW. Akwai Dunlop na Ingila, akwai Dayton na Amurka. A wanke rim ɗin, a juya bayansa, a nemi suna ko lamba da aka buga a jikin ƙarfe, da awo irin 5J x 14. Takardar da aka liƙa da gam ba shaida ba ce, kowa na iya bugawa. A ƙirga wayoyin: 48 da 60 da 72 su ne aka fi sani a motocin Ingila, kuma dole huɗun su zo daidai. Daga nan a ɗauki sifana a ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau tana ƙara ras, wadda ta saki tana amsawa a mace. Masu ɗaurin wilin babur a Wunti sun fi mu sanin wannan, kuma ba abin kunya ba ne a tafi da ɗayansu wajen ciniki. In mai haƙora ne, a shafa haƙoran: sun yi tsini kamar wuƙa, to sun cinye.

Wasu za su ce mota tasu ce, kuɗi nasu ne, kuma ba kullum ake hawanta ba. Gaskiya ne. Sai dai ranar da ake hawanta ita ce ranar da take cike da 'yan biki, cikin jerin motoci, kowa na son ya wuce wani. Ga kuma hanyoyinmu. Rami ɗaya ya isa ya saki wayoyi, yawancin tsofaffin nan kuma sai da tub a ciki, ga ƙurar hunturu da ke maƙalewa a kowace waya. Wanda ba zai iya kai wa mai ɗauri a kai a kai ba, ya haƙura da murfin.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda ake sayar wa 'yan gwangwan rim ɗin asali da zarar an samu mai ƙyalli. Yaron da muka ambata haka ya yi. Ya zaga Bauchi bai samu huɗu masu kyau ba, sai da ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, aka haɗo masa uku, na huɗun kuma aro ne daga wani dattijo a unguwarmu da har yanzu yake jan tasa 504 ɗin zuwa gona.