Hoton nono a asibiti: me mace za ta tarar in ta je?

Yau za mu taɓo maganar da ake jin nauyin yi. Mace ta ji ƙullutu a cikin nononta lokacin wanka. Ba ya ciwo, sai ta yi shiru. Bayan wata da watanni ta gaya wa uwarta ko kishiyarta. Aka nemo saiwa, aka yi shafe-shafe, wani lokaci har da sakiya. Sai da nono ya fashe, ya fara wari, sannan aka ɗauke ta zuwa asibiti. Kowane gari yana da irin wannan labari, daga Maraɗi har Tawa.

Ra'ayinmu shi ne, tsoro ne babban abin da ke hana mata zuwa da wuri, kuma rabin tsoron nan na rashin sani ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana yadda ake ɗaukar hoton nono, wanda likitoci ke kira mamogarafi, tun daga ƙofar ɗaki har fitowa.

Mamogarafi hoto ne irin wanda ake yi wa wanda ya karye a ƙafa, ko mai tari da ake duba ƙirjinsa. Amma na'urarsa daban ce, an yi ta don nono kaɗai, kuma hasken da take aiki da shi kaɗan ne. Amfaninsa shi ne yana iya nuna ciwon daji tun yana ƙarami, tun hannu bai kai ga jinsa ba. Manomi ya san wannan. Gara tana cin rumbu daga ciki, waje kuwa yana nan lafiya lau. Wanda ya duba da wuri shi ke tsira da hatsinsa.

Ba a kowane gidan likita ake samun wannan na'ura ba. Sai a manyan asibitoci na birni. Saboda haka mace ta fara da gidan likita mafi kusa da ita. Ungozoma ko likita zai duba ta da hannu, in ya ga da bukata ya rubuta mata takarda, ya faɗa mata inda za ta je.

Akwai ɗan shiri kafin ranar. In mace tana ganin al'ada, gara ta je a satin da ya biyo bayan ta yi tsarki, domin a lokacin nono bai cika tsami ba. Ranar tafiya ta yi wanka da ruwa da sabulu kawai. Kada ta shafa hoda, ko mai, ko alimun, ko turaren hammata a ƙirji da hammata. Mun san wannan zai yi wa wasu wuya, domin macen Hausa ba ta son shiga mutane ba ƙamshi. Amma waɗannan abubuwa suna iya fitowa a hoto kamar fararen ɗigo, su rikita mai dubawa. Ta sa riga da zane, ba doguwar riga ba, domin riga kaɗai za a cire. Sarƙa da laya ma za a ajiye su gefe. In tana da tsohon hoto ta tafi da shi. In tana da ciki, ko tana tsammanin ta samu, ko tana shayarwa, lalle ta faɗa tun kafin a fara.

To, a cikin ɗaki fa? Mace za ta tsaya a gaban na'ura. Ma'aikaci zai ɗora nono ɗaya a kan faranti, sai wani faranti ya sauko a hankali ya matse shi. Nan ne wurin da mata suka fi tsoro, kuma ba za mu ɓoye ba: matsin yana da ɗan zafi, wasu ma sukan ji shi sosai. Amma ba ya daɗewa. Daƙiƙa kaɗan ne, a ce ta riƙe numfashi, a ɗauki hoto, faranti ya saki. Ana matsewa ne domin nama ya baje, hoto ya fito sarai, kuma a rage yawan hasken da ake bukata. Matsin ba ya kawo ciwon daji. Yawanci hoto biyu ake yi wa kowane nono, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe har da wajen hammata. Huɗu ke nan. Ba allura, ba yanka, ba maganin barci. Duka aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma mace za ta koma gida da ƙafarta, ta ci gaba da aikinta. In zafi ya yi yawa ta yi magana, kada ta daure don kunya. In tana so mace ce za ta ɗauke ta, ta tambaya. Tambaya ba laifi ba ce.

Mai ɗaukar hoto ba shi ne mai faɗin sakamako ba. Wani likita ne, masanin karatun hoto, zai duba ya rubuta. Don haka in ma'aikaci bai ce komi ba, ba ɓoye wani abu yake yi ba. Wani lokaci a kan sake kiran mace don ƙarin hoto, ko a yi mata eko, irin wanda ake yi wa masu ciki. Matan da ba su kai shekara 40 ba, sau da yawa eko ake fara yi masu, domin namansu yana da kauri, hoto ba ya ratsa shi da kyau. Kiran na biyu ba hukunci ba ne. Mafi yawan ƙullutun nono ba daji ba ne. Kuma hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da daji. Sai an ɗebi ɗan nama kaɗan an auna shi.

A nan ne za mu saɓa da wata magana da ta daɗe a bakin mutane, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in an taɓa shi sai ya haukace. Mun san inda maganar ta samo tushe. Mutane sun ga mata sun je asibiti, an yi masu aiki, sun rasu. Amma a tambaya: yaushe suka je? Sun je bayan ciwo ya riga ya bazu a jiki. Ba wuƙar likita ta kashe su ba, jinkiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2 da dubu 300 aka gano suna da dajin nono a duniya, kuma kusan dubu 670 suka rasu. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano shi da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da rai shekara 5 bayan an gano ciwon. Cutar iri ɗaya ce da tamu. Lokacin zuwa da samun magani ne suka bambanta.

Wani zai ce: mene ne amfanin sani in babu magani kusa? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa Damagaram ko Yamai, da masauki, da abinci, da barin yara, duk kaya ne a kan talaka. Muna kira ga hukuma ta kawo waɗannan na'urori kusa da jama'a, ta kuma riƙa gyara su in sun lalace. Amma ba a ce babu komi ba. A shekarar 2021 aka buɗe sashen gasa daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Kafin nan, mai bukatar wannan magani sai ya fita waje. Kuma ciwon da aka kama yana ƙarami ya fi sauƙin magani, ya fi arha.

Maganarmu ta ƙarshe ga magidanta ce, domin a gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin mota ma a hannunsa yake. Malam, in matarka ta ce ta ji ƙullutu, ko ka ga kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemu, ko hammata ta kumbura, kada ka ce a jira kaka. Waɗannan alamu ba sa jiran a sayar da wake. Ka raka ta gidan likita cikin satin nan. Wadda kuwa ba ta jin komi, amma ta haura shekara 40, ko uwarta ko ƴar'uwarta ta yi wannan ciwo, ta tambayi ungozoma ko lokacin hoto ya yi. A watan Oktoba na kowace shekara akan yi gangamin wayar da kai a kan dajin nono. Ku saurari rediyo a watan, ku ji ranar da wurin da za a duba mata a jiharku.