Wa Zai Koya Masa Kwanciya?

Sharhinmu na yau a kan kwanciya ne, kwanciyar mutumin da aka yi wa aikin hanji aka buɗe masa ƙofa a fatar ciki, bahaya na fita ta nan yana zuba cikin jaka. Waɗannan bayin Allah suna nan tare da mu, a Gwarzo da Getso da Lakwaya, a Kabo da Garo. Wani zazzaɓin taifot ne ya huda masa hanji, wani hanjin ne ya murɗe, wani ciwon daji ne, wani hatsarin mota, akwai kuma jariran da ake haifa ba dubura. An garzaya da su Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya ba da sa'a, rai ya tsira. Sai a ɗauko hanya a dawo gida. To daga nan wata wahala ke farawa da ba wanda ke zancenta. Dare ya yi, kowa ya yi barci, shi kuwa yana jingine da bango, yana tsoron sa haƙarƙarinsa ƙasa kada jaka ta ɓalle ta ɓata shimfiɗa.

Me ya kawo haka? Kunya ce, jama'a. Ranar sallama, mara lafiya ya ji kunyar tambaya. Ɗansa da ya yi jinya ya ji nauyin tambaya a gaban mahaifinsa. An iso gida, uwargida ta ji kunyar ɗaga riga ta duba. 'Yan dubiya sun cika zaure, "sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi," ba wanda ya ce masa yaya kake kwana. Kunya ado ce a wurinmu, ban musa ba, amma kunyar da za ta hana majinyaci barci har ya rame ta zama cuta ta biyu. Rauni ba ya warkewa da kyau a jikin da ba ya hutawa.

To bari mu cire kunyar mu faɗi abin yadda yake. A makonnin farko, tun ɗinki bai gama kamewa ba, rigingine ita ce kwanciyar da ta fi sauƙi. A ɗan ɗaga kai da kafaɗu da matashi, a tura wani ƙarƙashin gwiwoyi, domin naman ciki ya saki, ɗinkin ya daina ja. In babu matashi biyu a gidan, a naɗe zani ko bargo, aikinsu ɗaya. Idan jiki ya fara ƙwari sai a koma kwanciyar gefe, kuma kowane gefe yana yiwuwa. Wanda ya kwanta ta ɓangaren da jakar take, katifa ce za ta tallafe ta, ya dai kula kada ya danne ta. Wanda ya kwanta ta ɗaya ɓangaren, jakar za ta rinjayo tana jan fata yayin da take cika, sai ya sa ƙaramin matashi a gaban cikinsa ta hau kai. Wani matashin tsakanin gwiwoyi yana sauƙaƙa wa ƙugu. Rub da ciki kuwa a bar shi, dama ba kwanciyar da aka hore mu da ita ba ce, ga shi tana matse jaka har gam ɗinta ya saki.

Na san abin da ke ran dattawanmu, wato kwanciya a kan dama, sunnar da muka tashi da ita. Ga shi kuma idan ƙaramin hanji aka fito da shi, kamar yadda ake yi wa masu taifot, galibi a dama ƙofar take, na babban hanji ne aka fi sawa a hagu. Baba, kwanciya a dama ba ta gagare ka ba. Ka zubar da abin da ke cikin jakar, ka gyara mata zama a kan shimfiɗa, ka yi addu'arka ka kwanta. In ciwo ya hana, ka juya inda ka sami sauƙi, addini bai ɗora wa mara lafiya abin da ba zai iya ba. Haka maganar alwala da salla. Malamanmu na Malikiyya suna da bayani a kan mai lalurar da najasa ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma akwai rangwame a ciki. Sai dai malam ba zai amsa tambayar da ba a yi masa ba. Mutum nawa ne suka ƙaurace wa masallaci saboda kunyar wannan tambaya guda?

Tashi daga kwance ma sai an koya. Yawancinmu a ƙauye a tabarma muke kwana ko katifa a ƙasa, kuma yunƙurawa kai tsaye da ƙarfin ciki yana iya jawo ƙaba a gefen ƙofar, hanji ya turo fata ta kumburo. A mirgina gefe tukuna, a dafa ƙasa da hannu, a tallafe cikin da ɗaya hannun, sannan a tashi a hankali. In akwai gado ɗaya tak a gidan, nasa ne har ya warke. Buhun masara da jarkar ruwa kuma ya bar wa yara, sai likita ya ce ya ɗauka.

Rabin barcin mai jaka tun da yamma ake shirya shi. Mu mutanen tuwon dare ne, a ci a ƙoshi bayan isha a kwanta. Shi wannan ba nasa ba ne. A ba shi babban abincinsa da wuri, awa 2 ko 3 kafin kwanciya, in ya ji yunwa daga baya ya taɓa abu kaɗan. Wake da kabeji da ɗanyar albasa da lemon kwalba suna tara iska, jaka ta kumbura cikin dare, a bar su sai da rana. Kada a jira jaka ta cika, da ta kai sulusi ko rabi a zubar, kuma a zubar dab da kwanciya. Mai ƙofar ƙaramin hanji, da yake bahayansa ruwa-ruwa ne ba ya tsayawa, ya sa a ransa zai tashi sau ɗaya cikin dare. A ajiye masa fitila da buta da fo kusa da shimfiɗa, kada ya ratsa tsakar gida cikin duhu yana laluben masai. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, hankalinsa zai fi kwanciya. Ga zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, gumi na ɓanɓare gam. A busar da fata sosai kafin a manna jaka, kada a shafa mai a wurin, kuma in za a kwana a waje don shan iska a ɗaura gidan sauro.

Amma duk wannan bayani, wa ke da jakar? Nan ne raina ke ɓaci. Tun 1954 wata ma'aikaciyar jinya a ƙasar Denmark, Elise Sorensen, ta ƙirƙiro jakar da ake mannawa a fata, saboda 'yar'uwarta da aka yi wa wannan aiki ta daina fita don tsoron abin kunya. Shekara 70 ke nan da ɗoriya. Mu har yau daga waje ake shigo da ita, kuɗinta na bin dala, kuma mutumin Gwarzo sai ya yi tafiyar kusan kilomita 70 zuwa Kano kafin ya sami ta girman ƙofarsa. Shi ya sa za ka ga an ɗaure ciki da tsumma ko ledar kasuwa, fata ta saɓule ta yi ja, yaro na kuka dare farai. Wane gefe za ka ce wa wannan yaro ya kwanta? Masu hannu da shuni na Gwarzo da Kabo, ku da kuke ciyarwa da azumi, kuke biya wa mutane kuɗin asibiti, ku sa jakar nan cikin sadakarku. Ƙungiyoyin ci gaban gari, ku tara kuɗi ku sayo da yawa a ajiye kusa. Ba a roƙe ku ba ne saboda masu buƙatar suna jin kunyar faɗin sunan abin.

Kuma mu tambayi kanmu, me ya kai ɗan shekara 10 ga wannan wuƙa tun farko? Ruwan da muke sha ne. Taifot daga ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata take zuwa. Rijiya a buɗe, masai kusa da ita, damina ta zo ta haɗa su. Yaro ya yi mako biyu yana zazzaɓi, ana saya masa ƙwaya biyu yau, uku gobe, ba gwaji, ba a kammala magani ba, sai a mako na uku ciki ya kumbura ya yi tauri, hanji ya ɓule. A tafasa ruwan sha, a rufe rijiya, a wanke hannu da sabulu, zazzaɓin da ya wuce kwana 3 a kai shi asibiti.

Ga iyaye mata masu jarirai da aka yi wa wannan aiki, rigingine za ki kwantar da shi kamar kowane jariri, ki sassauta ɗaurin ciki. Ga mazajen da matansu ke ɗauke da jaka, da matan da mazansu ke ɗauke da ita, kada ku raba ɗaki. Ba cuta ce da ake ɗauka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku tambaye shi da dare inda yake jin ja, ku gyara masa matashi. Da yawa daga cikinsu, musamman masu taifot da jarirai, ƙofar tasu ta ɗan lokaci ce, bayan wasu watanni a mayar da hanjin ciki a rufe.

Akwai kuma daren da ba a jiran gari ya waye. In ƙofar da ta saba zama ja ta koma baƙi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ba abin da ke fita ga amai da kumburin ciki, a nemi mota. In ruwa ne ke ta zuba, ga jiri, fitsari ya ragu, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hanya, a nufi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa. Ranar komawa ganin likita kuma, a tafi da tambayoyin a rubuce, ta farkonsu ita ce, likita, yaya zan kwanta?