LAFIYAR IYALI: Gashin da aka dasa ya zube

A wannan wata za mu amsa wasiƙar wata uwargida daga Argungu, wadda ta roƙa kada a faɗi sunanta. Ga taƙaicen abin da ta ce. Maigidanta manomin shinkafa ne, ya ba shekara 40 baya, sanƙo ya cinye masa gaban kai. Bayan girbin bana ya sayar da buhuna masu yawa, ya tafi Turkiyya a watan Disamba aka yi masa dashen gashi, ita kuwa ba ta san abin da ya kashe ba sai da ya dawo. Yau mako biyar ke nan, gashin da aka dasa ya kakkaɓe, kan ya koma kamar dā. Maigida ya daina zuwa sujada, domin a majami'a dole namiji ya cire hula. Wani abokinsa kuma ya kawo masa wani haɗin magani a kwalba, wai a riƙa shafawa safe da yamma. Tambayarta ita ce, an cuce su ne?

'Yar'uwa, bisa ga abin da kika faɗa, ba mu ga alamar cuta ba tukuna. Abin da ya sami maigidanki yakan sami kusan kowa da aka yi wa wannan aiki. Kuma manomin shinkafa ya fi kowa cancantar ya gane shi. Ki tambaye shi yadda shinkafa take a fadama kwana biyu bayan an tuge ta an dasa. Ganye yakan yi yaushi, ya yi ɗorawa, ya kwanta, baƙo ya gani ya ce gonar ta mutu. Manomi ba ya tuge ta ya duba, domin ya san saiwa tana aiki a ƙasa. Bambancin kawai shi ne, shinkafa takan miƙe cikin mako guda, gashi kuwa sai an yi watanni.

Ga yadda aikin yake. Ba silin gashi ake dasawa ba, saiwarsa ce, wadda take binne cikin fata. Likita yakan ciro saiwoyin daga ƙeya da gefen kai, ko dai ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa ya yanko siririyar fata ya rarraba ta. Kowane ɗan gutsure yana ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu. Sai a huda ƙananan ramuka a wurin sanƙon a zuba su. Dalilin da ya sa ake ɗiba daga ƙeya shi ne, gashin wurin ba ya jin sinadarin jikin namiji da ke kashe na gaban kai, kuma ko an kai shi wani wuri yakan riƙe halinsa. Wani likita a birnin New York na Amurka, Norman Orentreich, shi ya bayyana wannan a 1959, ko da yake wani likitan Japan mai suna Okuda ya riga shi yin dashen tun 1939.

To, saiwar da aka ɗauke daga mazauninta takan firgita. Tsakanin mako na biyu da na takwas sai ta saki silin da ke kanta, ta shiga hutu na kusan wata uku. Wani lokaci har gashin asali da ke kewaye yakan zube tare da shi, shi ya sa kan yakan fi dā muni. Daga wata na uku ko na huɗu sai sabon gashi ya soma leƙowa, siriri, marar ƙarfi, kuma ba duka lokaci ɗaya ba. Gashi yana ƙara tsawo kimanin santimita ɗaya ne a wata, namu mai nannaɗewa kuwa tsawonsa ba ya saurin nunawa. A wata na shida za a ga bambanci. Amma ba a yanke hukunci a kan aikin sai an cika shekara, tsakiyar kai ma yakan kai shekara ɗaya da rabi. Tun da a Disamba aka yi na maigidanki, ku sa ido wajen Maris ko Afrilu, ku kuma ajiye maganar ko an yi asara sai Kirsimeti mai zuwa.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarki shi ne kwalbar nan. Ki yi dabara ta bar gidan. Ba mu san abin da ke ciki ba, abokin ma wataƙila bai sani ba. Fatar da aka huda wuri dubbai ba ta son abu mai zafi, kuma in ta ƙone ta yi tabo, saiwar da ke ƙarƙashi ta mutu ke nan. Saiwar ƙeya kuwa tana da iyaka, wadda aka ɗiba ba ta sāke tsirowa a inda aka cire ta. Maganin da likitansa ya rubuta masa kaɗai zai yi amfani da shi. In an ba shi ƙwayar finasteraid, mace mai ciki kada ta taɓa wadda ta fashe ko aka niƙa.

Kwana goma na farko su ne masu hatsari, lokacin da susa ko matsattsiyar hula kan iya tumɓuke dashen, shi kuwa ya wuce su. Yanzu yana iya sa hula marar matsi, mai tsabta, har ma muna so ya sa in zai fita, saboda ƙurar hunturu da kuma ranar bazara da ke tafe, wadda a ƙasar Kabi takan wuce awo 40. Sabuwar fatar ba ta son rana na wasu watanni. Amma a ɗaka ya cire, kan ya sha iska. Wanzami ya dakata da aska a wurin sai likita ya yarda. Ga mai niyyar yin wannan aiki nan gaba, ana hana shiga ruwan kogi kimanin wata guda, saboda haka ɗan Argungu da ke son faɗawa Matan Fada ranar kamun kifi ya lissafa kwanakinsa tun da wuri.

Ƙananan ƙuraje a wata na biyu ko na uku ba abin tsoro ba ne, sau da yawa sabon gashi ne ke neman hanya. Ƙaiƙayi da ɗan mutuwar fata a ƙeya su ma sukan wuce. Amma in an ga mugunya, ko zazzaɓi, ko zafi yana ƙaruwa, ko kumburi yana yaɗuwa, kada a tsaya aika wa Istanbul hoto ta waya. A tafi babban asibitin Argungu, ko a shiga mota zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, tafiyar kamar awa guda ce. Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar hanzari. A kuma riƙa duba ƙeya, domin mu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ta girma. In ya soma, a nuna wa likita tun yana ƙarami.

Akwai gaskiya guda da ya kamata ku sani tun yanzu. Dashe ba ya tsai da sanƙo. Gashin asali da ya rage a gaba yana iya ci gaba da zubewa a bayan wanda aka dasa, har a ce masa ya koma a ƙara. Kafin wannan rana ta zo, ku zauna ku biyu a kan maganar kuɗi. Maigida, in kana karanta wannan shafi, ba mu ce neman gyaran kai zunubi ba ne. Amma shinkafar da aka sayar abincin gida ce da kuɗin makarantar yara, kuma uwargida ta sha rana a kanta kamar yadda ka sha. Ɓoyewar ita ce ta yi mata ciwo, ba gashin ba, wannan kuwa sai ka buɗe baki ka roƙi gafara. Ke kuma 'yar'uwa, ki rage gori a gaban yara. Mutumin da ya tsallaka ƙasashe saboda sanƙo, abin ya daɗe yana cinsa a rai, ko da bai taɓa faɗa miki ba.

Batun sujada kuwa, ya koma ran Lahadi mai zuwa. Littafin Sarakuna na Biyu ya nuna mana annabi Elisha ma mai sanƙo ne, har yara suka yi masa ba'a a hanyar Betel. In kunya ta yi yawa, ya sami fasto tun ran Asabar ya gaya masa halin da ake ciki, ya zauna a bencin baya.

Ki sāke rubuto mana a watan Yuni mu ji yadda kan ya yi. A fitowa ta gaba za mu yi magana a kan matsattsen kitso da yadda yake cinye wa 'yan mata gashin goshi.